Tsohuwar Filasmar Alhaji Mamman

Kai, ɗaga mini daga kan kwalin nan, risibar dish ɗin mutane ce a ciki, ba kujerar gidanku ba. Yauwa. Ɗazu ina jin ku, kai da wannan mai askin tsintsiya, kuna cewa wai aikin dish ba sana'a ba ce, soka waya ne kawai a danna rimot. To madalla. Tunda kun zo shagona kuna shan caji kyauta, yau da kunne za ku biya. Zan ba ku labarin wata tibi a Daɗin Kowa, in na gama sai ku nuna mini ramin da za ku soka wayar.

Aikin farko da na taɓa fita, gidan wani ɗan kwangila ne a Jos Jarawa. Ina bin ogana, Oga Lasisi, wani Bayarabe mai shago a Kabong, Allah ya jiƙansa. Dish ɗin wancan zamani ba irin wannan faifan naku ba ne da ake maƙalawa a bango. Ƙaton abu ne na raga, sai an haƙa rami an zuba kankare, sai an yi gayyar majiya ƙarfi kafin a ɗora shi kan turke. Mitar neman sigina kuwa ba mu da ita, ni ne mita. Oga yana waje yana juya dish da sufana, ni ina falo na ƙura wa tibi ido, muna magana ta taga. "Sabo, hoto ta zo?" Haka Hausarsa take, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. In ce, "Yashi kawai nake gani, Oga." Ya juya gabas, yashi. Ya ɗaga sama, yashi. Tun hantsi muke abu ɗaya har la'asar sakaliya, maƙwabta sun cika ƙofar gida suna ba da shawara, matar gidan ta aiko mana da abinci, ta kuma aiko a ce mu rage ihu. Ashe dish tun da rana ya samu saiti. Wayar bayan tibi ce aka soka a ramin da ba nata ba, kuma maigidan ne ya soka da hannunsa, wai don ya rage mana aiki.

Da muka koma shago sai Oga ya kwance madubin wani mataccen babur ya miƙa mini, ya ce, "Kafin ka hau sama, leƙa bayan tibi." Ga madubin nan har yau a jakata. Filaya na canza, sukundireba ban san adadin da aka ara ba a dawo mini da su ba, tsani ya karye na sayi wani, mita mai allo ma yanzu ina da ita, amma madubin nan shi ne dai na Oga. Dalili kuwa, mutanenmu ba sa ajiye tibi, binne ta suke yi. A kira kafinta ya ƙera dibaida, a cusa tibi a tsakiya, a jera tangaran da hotunan biki a kewaye, a rufa mata leshi kamar amarya. Ka zo aiki ka ce a jawo ta, uwargida ta dube ka kamar ka ce a tono kabarin kakanta. To da me za ka ga bayanta in ba da madubi ba?

Kwastoma kuwa kala-kala ne. Akwai mai tsayawa gindin tsani yana gaya maka inda tauraron yake, alhali ko alƙibla sai ya tambaya. Akwai wanda bayan sati zai kira ka ya ce tun ranar da ka taɓa dish firij ɗinsa ya daina sanyi. Sannan ga aradun garin nan, wadda ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san liman ko fasto ba. Da damina ta kama, kowane gida akwai mai aikin zare wayoyi da an ji cida. Zarewa ba wuya, mayarwa ce bala'i. Tsofaffin tibi masu ramuka da yawa, ja biyu gare su, ɗaya na hoto ɗaya na murya. A musanya su, mai karanta labarai ya fito kore shar, lasifika tana gurnani, a kira ni wai aljanu sun shiga tibi. Na ci abinci da jan nan biyu ba kaɗan ba, Allah ya ƙara wa masu zarewa lafiya.

To, gidan da nake son ba ku labari gidan Alhaji Mamman Tela ne, tsohon gida a Daɗin Kowa, tun zamanin da ubansa ya zo haƙar kuza. Matarsa, Hajiya Asabe, mai sayar da atamfa ce a cikin gida, kuma ita ta sayi tibin da guminta, ni na kafa musu dish. Ku yanzu duk tibi mai faɗi sai ku ce filasma. Ba ku san filasma ba. Ta gaskiya, irin ta farko, nauyinta sai ƙarti biyu sun yi nishi, tana shan wuta kamar dutsen guga, in ta jima a kunne kuwa bayanta har huci yake. A sanyin Jos mutum ya zauna kusa da ita ba ya neman gawayi.

Rigimar gidan guda ɗaya ce, rimot. Alhaji mutumin labarai ne, yana son ya san abin da ake ciki a ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. Hajiya kuma tasha ɗaya ta sani a duniya, ta finafinan Indiya masu fassarar Hausa. Duk zuwan da zan yi tasharta ce a kunne, tana kan kujerarta ta gefen taga, rimot a kan hannun kujerar, Alhaji yana gefe yana tsaki.

"Dubi shirme," in ji shi. "Mutum ɗaya ya tashi gari guda da mari, ko hularsa ba ta faɗi ba."

"Ba shi da hula, Alhaji. Ka bari in ji abin da uwar mijin za ta ce," in ji Hajiya.

"Sabo, ba za ka iya goge tashar nan ba?"

In ce, "Zan iya, Alhaji, amma wa zai ba ni tuwo?"

Shekarar da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, ita ce shekarar da na san sana'ar nan ba ta da uwa. Rabin kwastomomina suna unguwannin da ba na iya shiga, su ma ba sa iya zuwa tawa. Ko an sassauta doka, mutum da tsani a kafaɗa da jakar ƙarafa, kowane shinge sai an zazzage maka kaya a ƙasa, kana yi wa soja bayanin amfanin madubin babur. Wa ke ta dish ana neman na masara? Har dankali na sayar a bakin titi, ni da nake taƙamar sai dai in leƙo mutane daga kan rufi. A shekarar nan mutum ɗaya ne bai daina kira na ba, Hajiya Asabe. An kulle kowa a gida, ita kuwa abin ya zo mata daidai, daga safe har dare tasharta ce, da wutar gwamnati da ta janareta. Sai ta aiko wai hoto yana yankewa. In je in tarar hoto garau. Ta ce, "Ɗazu ya yi. Hau dai ka duba." In hau, in zauna kan kwano in sha iska, in sauko in ce na gyara. Ta sallame ni, ta haɗa mini da kwanon abinci wai na yara. Ta san ba abin da na gyara, ni ma na san ta sani.

Bayan wasu shekaru ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Na je jana'iza, na yi kuka, ba na ɓoyewa. Daga nan ban sake shiga falon nan ba sai daminar da aradu ta faɗa unguwarsu ta cinye tsohuwar risibar.

Kabiru ne ya kira ni, babban ɗan Alhaji, mai aiki a Abuja. Yaron kirki, kada ku ɗauka mugun labarin ne. Na tarar da shi a ƙofar gida, ga wani mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya jingina kurarsa da bango yana jira. Kabiru ya ja ni gefe.

"Malam Sabo, ka taimake ni da tsohon nan. Tun da abin ya ƙone yake zama gaban baƙin gilashi, ƙanwata ta ce ko abinci sai an yi da gaske. Na sayo sabuwar risiba, na sayo sabuwar tibi, ya hana a buɗe kwalin. Na kawo masu gyara, sun ce tsohuwar ba ta da ramin da wayar zamani za ta shiga. Da ƙyar muka yi yarjejeniya da shi. Kai ne na ƙarshe. In an kira la'asar ba ta nuna hoto ba, mai gwangwan ya ɗauke ta a kafa sabuwa."

Ni fa a raina ina bayan Kabiru. Na shiga na gaida Alhaji, ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Na ce, "Alhaji, ga sabuwa fil a kwali, sirit da ita, ba ta shan wuta. Me za ka yi da wannan tsohuwar?"

Ya ce, "Tana ɗumama ɗaki."

"A saya maka bargo mana."

"Aiki aka kira ka ko wa'azi?"

Na ciro madubi da tocila na zura a bayan dibaida. Masu gyaran ba ƙarya suka yi ba. Sabuwar risibar da waya ɗaya take magana, mai faɗin bakin nan da kuke kira HDMI, tsohuwa kuwa an ƙera ta kafin a san da wannan. Ramin rawaya da muka yi shekaru muna amfani da shi ya yi baƙi, har warin ƙuna yake, aradu ta bi ta nan. Amma can ƙasa, bayan yanar gizo, ga ramuka biyar a jere ba a taɓa soka musu komai ba: kore, shuɗi, ja, sai wani ja da fari na murya. Ta nan ne tibin take karɓar hotonta mai kyau na asali. Wato duk shekarun nan Hajiya ta ƙofar baya take kallon jarumanta, babbar ƙofa tana rufe.

Akwai wani ɗan akwati da bai fi sabulu girma ba, muna ce masa kwanbata. Mai faɗin baki ta shiga ta gefe ɗaya, wayoyi biyar su fita ta ɗayan. Ina da guda a gindin jaka, ya daɗe yana jiran ranarsa. Na kwanta rigingine a kan leda, hannu ɗaya a cikin dibaida har kafaɗa, ɗayan riƙe da madubi, ga shi a madubi dama hagu ce, hagu dama ce. Tangaran Hajiya suna ƙara a saman kaina, Alhaji yana cewa in na fasa ko ɗaya sai na auro wadda za ta kawo wani. Na soka biyar ɗin, na tashi na kakkaɓe riga, na kunna da taƙama. Murya ta fito tar, allo kuwa baƙi ƙirin.

Kabiru ya dubi agogo. Alhaji bai dubi kowa ba, ya matso bakin kujera ya ƙura wa baƙin allon ido. A lokacin na gane maganar nan ta wuce ɗumama ɗaki, ko da yake ban san ta mece ce ba.

Na san ciwon. Sabuwar risiba tana turo hoto mai ƙarfin da tsohuwa ba ta iya haɗiyewa, kamar ka ba mara haƙori ƙashi. Dole a shiga cikin saitin risiba a rage ƙarfin. To ta yaya za ka shiga saiti ba ka ganin allo? Ku da kuka ce soka waya ne kawai, sai ku faɗa mini. Na gwada dannawa da ka, ina lissafa ƙasa, ƙasa, dama, sai ga risiba ta koma magana da wani yare da ban taɓa ji ba. Na ce, "Kabiru, buɗe kwalin nan."

Kabiru ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka an gama. Alhaji ya miƙe tsaye, ya ce, "Ba a kira la'asar ba, Sabo." Yadda ya faɗi sunana, wallahi ban so ba.

Na ce, "Alhaji, zauna. Ba kafa ta zan yi ba, aiken ta zan yi."

Muka jingina sabuwar a ƙasa, na haɗa ta da risiba, ta kawo haske tana ƙyalli. Na shiga saiti, na mayar da yare, na rage ƙarfin hoto zuwa wanda tsohuwa ta sani, na zare waya na mayar kan kwanbata. Aikin da sabuwar tibi ta yi a falon nan ke nan, ta riƙe wa tsohuwa fitila. Allo ya yi ƙyaf, ya yi ƙyaf, sai ga hoto, amma mai karanta labarai shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Na sake kwanciya, na matse bakin jan hoto da filaya don ya kama da kyau. Ina ƙasa na ji ƙanwar Kabiru daga bakin ƙofa tana cewa, "Ta kawo." Ban fito daga bayan dibaida ba aka kira salla a masallacin unguwa.

Hoton da tibin nan ta kawo, tun da aka saye ta ba ta taɓa nuna irinsa ba. Har zaren rigar mai labarai kana gani. Na tsaya ina hura hanci, sai idona ya kai kusurwar sama ta dama. Wani tabo ne dishi-dishi, kamar inuwar fure, a saman kafaɗar mai labarai. Na canza tasha, yana nan. Na sake canzawa, yana nan. Ciwon filasma ke nan, in abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya a allo, sai ya ƙone ya zauna.

Kabiru ya ce, "Ka gani ko, Baba? Gilashin ma ya lalace."

Ni kuma da iyayi na ce, "Wannan ƙaramin abu ne. Akwai farin allo da ake sa mata, ta yini tana ci, tabon zai dushe. Bari in..."

Ban ƙarasa ba Alhaji ya damƙe mini wuyan hannu. Tsohon da ba ya cin abinci, amma sai da rimot ya faɗi.

"Kada ka taɓa shi."

Ya sake ni, ya koma ya zauna, ya nuna kusurwar nan, sannan ya juya ga Kabiru.

"Tambarin tashar uwarka ne. Tana raye ban taɓa ganin sa ba, tunda kullum tashar ce a kunne, na gaske yana rufe shi. Sai bayan an share makoki, gida ya watse, na ce to yau dai zan ga labarai ba mai hana ni. Ina kunnawa na gan shi. Duk tashar da na je yana biye da ni." Ya ɗan yi dariya, ya share ido da bakin hula. "Shekara da shekaru muna faɗa a kan rimot, ashe ta riga ta ci. In tibin tana kashe ba a ganin sa. Shi ya sa."

Na sake duban tabon, sai na gane shi sarai, furen nan ne da na sha gani ina cin tuwo a shekarar dokar hana fita. Kunya ta kama ni, da tausayi, na rasa inda zan sa idona, sai na hau naɗe wayar da na riga na naɗe. Kabiru ya matsa dab da allo ya tsaya yana duban tabon. Can ya fita. Ta taga na gan shi yana miƙa wa mai gwangwan ƙonanniyar risibar yana ba shi haƙuri. Da ya dawo shi da kansa ya mayar da sabuwar tibi cikin kwali.

Na ɗauki rimot daga ƙasa, na mayar da tashar labarai, na miƙa wa Alhaji. Ya karɓa, ya miƙa hannu ya ɗora shi a kan hannun kujerar gefen taga, wadda ba kowa a kai.

Na ce, "Alhaji, ai ya yi maka nisa."

Ya ce, "Nan ake ajiye shi."

Muka tafi masallaci, muka bar ta a kunne.

Tibin nan tana nan har yanzu, tana shan wuta tana huci. Na bi masu gwangwan na samo wata matacciya irinta na ajiye a bayan shago, saboda ranar da wani abu zai mutu a cikinta. Komai nata zan iya canzawa ban da gilashin. Shi ya sa za ku ga da hadari ya haɗo ta gabas, ko ina kan rufin wani, sai na saki sufana na laluba waya. Ba na ma tsayawa doguwar gaisuwa, cewa nake, "Alhaji, hadari. A zare wa Hajiya waya."

Shi kuma kullum amsarsa ɗaya ce: "Tuni."